Burduddugi Cikin Curin Laka

A shekarun da ƙasar nan ke amsa sunan Gwalkwas, ni saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, ina koyon gyaran batir a shagon wani Batone, wato ɗan ƙabilar Ashanti, a Ashanti New Town. Amma a Zangon Kumasi ba da wannan aka san ni ba. Idan baƙo ya tambayi gidanmu, ba a ce masa gidan mai goro, ko da yake mahaifina ya fi shekara talatin yana fataucin goro zuwa Arewa. Sai a ce ya miƙe ya wuce famfo, ya tambayi gidan mai kwaɗi. Wannan suna ya daɗe yana ƙona wa Baba rai. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗinsa nake ji.

Abin ya samo asali ne daga shago. A lokacin akwai wasu manyan batura na gidajen Turawa da ake yi wa mazubi na gilashi mai kusurwa huɗu, mai kauri, wanda zai ci ruwa kusan rabin garwa. Idan batir ya mutu, maigidana yakan cire dalmar ciki ya yar da gilashin a bayan shago. Da ya ga ina yawan juya su, sai ya ce, "Kramo, ɗauki, tafi da shi," domin haka Tonawa ke kiran Musulmi. Na ɗauka. Kwaɗin farko da na zuba a ciki ba su kwana ba, saboda ruwan batir bai gama fita daga jikin gilashin ba. Daga nan na koyi jiƙa shi da toka kwana bakwai kafin in sa wani abu mai rai. Na kuma gane ruwan famfo ba ya yi musu, sai ruwan sama da muke tara a duro. Na jera mazubai takwas a kan katako, a inuwar bangon madafa, kowanne da tsakuwa da ɗan icce da ganye, na rufe bakinsu da guntayen tsohon gidan sauro. Akwai kuma wani kwamin siminti da aka daina wanke goro a cikinsa, shi na bar wa manya. Abincinsu tana ce da kyankyasai da ƙudan da nake kamowa a mahauta, sai kuma gara mai fiffike idan an yi ruwan farko.

Babban abin da Baba ke tsoro shi ne 'yan tankas, wato masu zagayawa duba tsaftar gidaje, waɗanda ke leƙa randa da ludayi suna neman tsutsar sauro su kai mutum ƙara. Sun zo sau da yawa, sun leƙa, ba su taɓa samun ko ɗaya ba, don kwaɗina sun riga su gani.

Ba ni da littafi, ba ni da malami a wannan harka. Ranar Lahadi nake zuwa rafin da ke gangaren Manhyia, ko in taka har fadamar Sofoline, in dawo wando jiƙe da laka. Da ido na koyi rarrabe su, kuma na yi wa kaina ƙa'ida: a fara duba yatsu, sannan ido, sannan fata. Akwai ɗan ƙaramin kore mai ɗan faifai a kan kowane yatsa, wanda ke hawa gilashi ya manne ya wuni. Akwai shimfiɗaɗɗe mai santsi, mai baƙaƙen farata uku a ƙafar baya, wanda ba ya fita daga ruwa ko kaɗan. Akwai na tsakar gida mai ƙuraje, mai kumburi biyu a bayan ido, wanda kare ba ya yarda ya ɗauka a baki sau biyu. Akwai kuma babba na fadama mai tsaga a ƙeya, daga ido zuwa ido. Kowanne da kukansa, kuma ko ina kwance ido rufe zan faɗa maka wanda ya yi magana. Mutanen Zango su dai kwaɗo kwaɗo ne, kamar yadda suke kiran kowane ɗan Arewa ɗan uwa har sai an zo rabon gado. Na raina su a kan wannan, kuma ban ɓoye ba.

Abu ɗaya na riƙe fiye da komai, domin da asara na koye shi: kwaɗo ba ya jure bushewa. Sau nawa wani ya sami ɓula a raga ya faɗo kan siminti da hantsi, in dawo daga aiki in tarar da shi ya ƙandare kamar busasshen kuɓewa. Wuni ɗaya ya isa. Da wani zai yi mini gardama a kan wannan, da na rantse masa.

A duk gidan, mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi mini faɗa a kan kwaɗi ba, ita ce kakata, mahaifiyar Baba. Ɗakinta ne ke kusa da katakon da na jera mazubaina. Idanunta sun daɗe da mutuwa, amma kunnenta ya fi na kowa. An kawo ta ƙasar nan tana amarya, a ƙasa, cikin ayarin fatake da jakuna, daga wani ƙauye a ƙasar Kano, kuma tun ranar ba ta sake taka gida ba. Ta haifi Baba a Kumasi, ta binne mijinta a Kumasi. Ni take kira mai gida, kamar yadda kaka ke tsokanar jikanta, ni kuma in ce mata amarya. Idan an yi ruwa da yamma kwaɗina suka ɓarke da kuka, sai ta sa a fito mata da tabarma bakin ƙofa, ta karkata kai tana saurare. Can sai ta ce kwaɗin mai gida duk Tonanci suke yi, ba ko ɗaya mai jin Hausa.

Wanda take nufi da mai jin Hausa shi ne burduddugi, wani ƙaton kwaɗo na tafkin garinsu. Ta ce gidan ubanta a bakin tafkin yake, kuma ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, ko da rana tsaka ne, sai ka ji shi ya ɗauka, kowa ya san shuka ta zo. Idan na tambaye ta yadda kukan yake, yau ta ce kamar maraƙi a cikin rijiya, gobe ta ce kamar ana buga bakin tulu da tafin hannu. Idan ta gwada kwaikwaya da bakinta marar haƙori, tari ya sarƙe ta, mu ƙare da dariya. Na ɗauki abin a matsayin ƙalubale. Duk ƙaton da na kamo a fadama sai in kawo kwami, in jira ya yi kuka, in dube ta. Sai ta girgiza kai.

Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Baba ya shiga gaishe ta kamar yadda ya saba, yana shirin tafiya Kano da goro. Ina waje ina canza ruwa, ina jin su. Ya tambaye ta me zai kawo mata, yana zaton za ta ce zane ko daddawa. Ta ce ba ta da ƙarfin da za ta ga gida, kuma ko an kai ta ba ta da idon gani. Ta ce abu ɗaya take so kafin ta kwanta dama, ta ji kukan burduddugin tafkinsu ko sau ɗaya ne. Ba da wasa ta faɗa ba. Baba ya ce to, Iya. Ni na san abin da wannan "to" ta ci masa, mutumin da ko kallon katakona ba ya yi idan zai wuce.

Ya yi wata biyu da 'yan kwanaki. Ya dawo damina ta riga ta kankama a Kumasi, ko'ina kore shar. Bayan an sauke kaya an gama gaisuwa, ya fito da wata ƙwarya da aka ɗaure da tsumma, ya kai ɗakin Kaka da kansa, ya kira ni. A ciki akwai curin laka baƙa, busasshiya ƙarau, girmansa kamar kan yaro, ya tsattsage ta waje. Ya ce ya ratse har ƙauyen, ya tarar da tafkin a bushe, ya sa yaran garin suka haƙa, suka yanko curin gaba ɗaya suka liƙe shi. Ya ce sun tabbatar masa burduddugin yana ciki. Shi bai leƙa ba.

Kaka ta sa hannu biyu ta shafa curin, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ba ni umarni. Ta ce in ajiye shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ta ce a gida yanzu bazara ce, rana na dukan ƙasa, lokacinsa bai yi ba, kuma wanda aka tashe shi kafin lokacinsa ba ya kuka. Sai ranar da labari ya zo cewa damina ta sauka a gida, sannan a fitar da shi ruwan sama ya dake shi. Ta ce, "Amana ce na ba ka, mai gida. Kai ne malamin kwaɗi." Na ɗauki ƙwaryar na kai ɗakina, na ɗora a kan akwati.

Tun daren farko zuciyata ba ta kwanta da abin ba. Ni a Kumasi aka haife ni, ban taɓa wuce Tamale ba, ban taɓa ganin tafki ya bushe har ƙasa ta tsage ba. A wurinmu, ko a tsakiyar rani, idan ka ɗaga ganye a gindin ayaba za ka sami danshi. Na lissafa: wata nawa a tafki busasshe, sannan mako biyu a bayan lori cikin rana. Na ce a raina yaran ƙauye sun ga baƙo da babbar riga sun yi masa wayo, ko kuma sun sa kwaɗo da gaske amma ya daɗe da mutuwa. Ban faɗa wa kowa ba. Baba ba mutumin da ake tambaya sau biyu ba ne, Kaka kuwa ban so in karya mata zuciya.

Kowace safiya kafin in tafi shago, sai ta aike ni inda masu shanu da direbobin Arewa ke sauka, in tambaya ko an yi ruwa a gida. Haka tsofaffin Zango ke yi tun da, duk wanda ya sauko daga sama, bayan an tambaye shi gajiya, sai a tambaye shi ruwa. Kullum amsa ɗaya, tukuna. A cikin waɗannan makonni kuma jikinta ya soma sauka. Ƙafafunta suka kumbura, ta daina gama kokon safe, tana sallah a zaune. Tsoro ya kama ni. Na ga za ta iya tafiya tana jiran abin da babu, kuma idan babu ne gara in sani da wuri, ko na san dabarar da zan yi.

Ranar wata Lahadi da hantsi, na rufe ƙofar ɗakina, na ɗauko ƙaramar kurfi ta sarar ƙarfe da guduma na shago. Na bi tsagar curin a hankali har ya rabe biyu. A tsakiya akwai wani ɗan ɗaki mai santsi, kuma a ciki akwai shi. Ƙato ne, ya fi tafin hannuna, ya dunƙule ƙafafu a ƙarƙashin ciki. Amma duk jikinsa a naɗe yake cikin wata busasshiyar fata mai ruwan ƙasa, kamar ɓawon albasa, ta rufe ido ta rufe baki. Na bi ƙa'idata. Yatsu ban gan su ba, ido a rufe, fata a bushe. Na duba maƙogwaro, inda kwaɗo mai rai ba ya daina motsi, ban ga komai ba. Na taɓa shi da tsinke, bai motsa ba. Na ɗaga shi, na ji shi sanyi, shiru. Na ce inna lillahi, abin da nake tsoro ne ya tabbata.

Yanzu da tsufa na sha tambayar kaina me ya hana ni ko ɗiga masa ruwa. Amsar ba ta da daɗi. Ban ɗiga ba saboda na riga na sani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni nawa ya kama ni har wuya.

Tsakar gidanmu siminti ne, ba inda zan binne shi ba a gani ba, kuma na ji tsoron ya soma wari a ɗaki. Na naɗe shi a ganyen goro, na sa a aljihu, na tafi bolar da ke bayan unguwa, inda kullum ake cinna wa shara wuta. Don kada wani yaro ya tsinta ya kai labari gida, na zaɓi gefen da wuta ke ci, na jefa shi can. Na dawo na haɗa curin, na shafe tsagar da ɗan jiƙaƙƙen yumɓu, na mayar da shi ƙwarya.

Kwana uku bayan nan, na shiga gaishe da Kaka da yamma, na tarar jikin ya ɗan yi sauƙi, tana son hira. Ta tambayi baƙonta na cikin curi, na ce yana nan lafiya. Sai ta shiga ba ni labarin yadda suke haƙo su suna yara, ita da 'yan'uwanta maza, idan rani ya yi nisa. Ta yi dariya ta ce da zan gan shi yanzu a cikin curin nan da na rantse matacce ne. Ta ce yakan naɗe kansa cikin likkafani, ya rufe ido ya rufe baki, ya daina numfashin da ido ke gani, ya kwanta wata shida ko bakwai. Ranar da ruwa ya ratsa ƙasa ya same shi, sai ya yage likkafanin ya cinye abinsa ya fito. Ta ce malaminsu na allo da shi yake ba su misalin tashin ƙiyama. Ba ta faɗa mini tun farko ba domin a wurinta wannan ba ilimi ba ne, kowane yaro ya sani.

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na ruga bola ba takalmi. Toka ce kawai da gwangwanaye, ungulaye na tafiya a kai. Na tona da sanda har aka kira magariba, mata masu zubar da shara suna kallona. Ina tonawa ina tuna abin da aka karantar da mu, cewa an hana kashe kwaɗo domin kukansa tasbihi ne, an kuma hana azabtar da mai rai da wuta. Ni da nake taƙama duk Zango ba wanda ya san darajar kwaɗo sai ni, na haɗa biyun a hannu ɗaya. Baƙin cikin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba kafin nan.

Da ina da hankali, da na koma na durƙusa na faɗi gaskiya a ranar. Sai na zaɓi in ƙara kuskure a kan kuskure. Na ce tsohuwa ce, shekara sittin rabonta da jin kukan nan, ita kanta ba ta tsaya a kan kwatance ɗaya ba. Idan ta sa rai, kuma ta ji kuka mai kauri ya fito daga inda aka ajiye curin, wataƙila zuciyarta ta cika mata sauran. Ranar Lahadi na tafi fadamar Sofoline na wuni, na kamo mafi girman namiji mai tsaga a ƙeya da na taɓa gani. Na kwashe sauran da ke kwami na sake su a rafi, na ɓoye shi shi kaɗai a duro a bayan ɗakina.

Bayan kamar kwana goma, wani direba da ya sauko da albasa ya ce mini an yi ruwa a ƙasar Kano, har an soma shuka. Na kai wa Kaka labari. Ta sa aka yi mata wanka, ta sa aka ɗauko mata zanen da take ajiya. Washegari bayan la'asar hadari ya haɗu. Na ɗauki ƙwaryar na kai mata ta shafa, sannan na fita da ita. Amma ban sa curin a ruwa ba, na tura shi ƙarƙashin katako, na zuba kwaɗon Sofoline a kwami. Aka yi ruwa mai ƙarfi. Da ya tsagaita, aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa aka lulluɓe ta da bargo. Baba ya fito ya tsaya a zaure, wai yana duba ko ruwa ya taɓa huhunan goro.

Ƙananan suka fara, kamar kullum. Gab da magariba sai babban ya ɗauka daga kwami, kuka mai kauri mai gurnani. Kaka ta ɗaga kai. Ya yi na biyu, ya yi na uku. Ina kallon fuskarta. Ta saurara har ya yi shiru ya sake ɗauka.

Sannan ta ce, a hankali, "Wannan ai na san shi. Irin wanda ka kawo mini bara ne." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye. "Mai gida, ina baƙona?"

Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti na faɗa mata komai, kurfi da guduma, ganyen goro, bola, wuta, har da duron da na ɓoye na ƙarya. Ban rage ba, don na ga ba sauran abin ragewa. Baba ya taso daga zaure, na sunkuyar da kai ina jiran mari. Kaka ta ɗaga hannu, ya tsaya.

Da ta yi magana, ba da ni ta fara ba. Ta ce, "Ya jure wata bakwai ba ɗigon ruwa, ya zo ƙasar da ruwa ba ya yankewa, ya ƙare a wuta." Ta share ido da bakin zane. Sannan ta ce fasa curin bai dame ta ba, yaro ne ni, kuma da na tambaye ta da ta gaya mini. "Amma na biyun nan, don ba na gani ne ka yi mini shi?" Har yau ba ni da amsar wannan tambaya.

Kwana biyar ba ta kira ni mai gida ba. Idan na shiga gaishe ta sai ta amsa kamar yadda ake amsa wa ɗan maƙwabta, kuma wannan ya fi mini mari ciwo. A rana ta shida ta tambaya ko lakar tana nan. Na ce tana nan. Ta ce in kawo. Lokacin jikinta ya kai inda taɓa ruwan sanyi ke tayar mata da tari, malam ya ce ta riƙa taimama. Ta sa na ajiye rabin curin a gefen shimfiɗarta, da shi ta riƙa yin taimama sau biyar a rana. Da na juya zan fita sai ta ce mai gida ya rage sauri, amarya ba ta gama magana ba. Na zauna na yi kuka kamar ƙaramin yaro, tana dafa kaina tana ce mini sakarai.

Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ya dai shiga wurinta ya ce idan Allah ya kai mu rani zai koma ƙauyen. Ta ce Allah ya kai mu. Dukanmu uku mun san burduddugi ba ya haƙuwa da damina, kuma rani yana da nisa. Na riƙa ƙirga watanni ina duban ƙafafunta. Ta rasu wata huɗu bayan nan, da safe, kafin ruwa ya ɗauke a Arewa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Na rage zuwa fadama, mazubai uku suka zauna ba komai a ciki. Amma da Baba ya dawo daga Kano a shekarar da ta biyo, bayan an gama sauke kaya, sai ya aiko a kira ni zaure. Ƙwarya ce ɗaure da tsumma a gabansa. Ya tura mini ita da hannu, ya ce ya yi wa Iya alkawari, bai ga dalilin da mutuwa za ta warware shi ba. Ya ƙara da cewa yaran ƙauyen sun ce manyan kwaɗin da ke binne kansu a tafkin iri biyu ne ko uku, kuma duk burduddugi suke ce musu.

Wannan karon ban taɓa curin ba. Kowace safiya nakan bi ta wurin masu shanu in tambayi ruwa, ba wanda ya aike ni. Mako bakwai na yi. Ranar da labari ya zo, na sa curin a kwami na bar shi a fili. Ruwa ya dake shi kwana biyu, ya narke ya zama taɓo. A rana ta uku da hantsi, ana tsaka da ruwa, na ga taɓon na motsi. Ya fito yana jan yagaggiyar fatar da hannu yana cusawa a baki, daidai yadda ta faɗa. Na ɗauke shi na bi ƙa'idata. A dugaduginsa akwai wani tauri mai kaifi kamar 'yar fartanya, da shi yake haƙa. Maƙogwaronsa rawaya ne. A muƙamuƙin ƙasa yana da wasu abubuwa kamar haƙora, kuma ya gwada mini su a babban yatsa har jini ya fito. Ban taɓa ganin irinsa ba.

Na mayar da shi ruwa na koma gefe. Baba ya fito daga zaure da buhu a kansa saboda ruwa, ya tsaya kusa da ni. Ɗakin Kaka na bayanmu a rufe, an mayar da shi ma'ajiyar goro. Mun fi rabin sa'a a tsaye. Sai ya kumbura, ya yi kuka, guda ɗaya mai zurfi, ya tsaya, ya sake. Na saurara da duk abin da na sani. Wani ɓangarensa ya yi kama da maraƙi, wani ya yi kama da tulu, kuma zai yiwu ni ne nake so ya yi kama.

Na ce, "Baba, shi ne?"

Ya daɗe yana kallon kwamin, ruwa na zuba daga gefen buhun. Ya ce shi da rani yake zuwa Arewa, bai taɓa yin damina a can ba.

"Ban sani ba," in ji shi. "Ita kaɗai ta sani."

Muka ci gaba da tsayuwa a cikin ruwan, yana ta kuka.